Manyan Kamfanonin Burodi da Kayan Fulawa na Duniya: Ina Hannunsu Ya Kai a Kano?

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin burodi a Kano, ko aka rage masa nauyi aka bar kuɗin yadda yake, gardama ɗaya ce ke dawowa bencin mai shayi. Wani ya ce manyan kamfanonin waje ne suka riƙe harkar, su ke juya farashi yadda suka ga dama. Wani ya ce babu ruwan Bature, masu gidajen burodi ne suka haɗa baki. A watan Fabrairun 2024, da mata masu gurasa suka fito kan titi a cikin birni suna kukan tsadar fulawa, gardamar ta ƙara zafi. Ga kuma abin da ake gani a kantuna: kek da donat da burodin nan mai siffar jinjirin wata, a cikin leda mai ƙyalli, an rubuta za su yi watanni ba su lalace ba, alhali burodin unguwa kwana uku ya fara fumfuna.

Manyan kamfanonin suna nan, kuma girmansu ya wuce yadda ake zato. Sai dai wurin da suke taɓa aljihun Bakano ya bambanta da wurin da ake nuna musu yatsa.

Kaya iri uku ake magana a kai

Abin da muke haɗawa mu kira kayan fulawa, a wajen masu masana'anta kashi uku ne, kuma kowanne da irin kasuwarsa.

Na farko burodin yau da gobe. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ruwa ne, shi ya sa yake da laushi, shi ya sa kuma ba ya kwana da yawa. Ga shi da cika wuri ba nauyi, idan aka danne shi ya lotse. Motar da ta ɗauko burodi daga Legas zuwa Kano, tafiyar kilomita kusan dubu, rabin abin da ta ɗauko iska ce, kafin ta iso kuma kayan sun fara bushewa. Saboda haka ko'ina a duniya kusa da mai ci ake gasa burodi.

Na biyu kayan da ke daɗewa. Biskit an gasa shi har ruwan jikinsa ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100, ba abin da fumfuna za ta kama. Kek na leda kuwa yana da laushi, amma an cika shi da mai da sukari, sukarin ke riƙe ruwan ya hana ƙwayoyin cuta amfani da shi, an ƙara sinadarin hana lalacewa, an rufe ledar ruf. Wannan kashin ne ke hawa jirgin ruwa, ya kwana a sito, ya iso Kasuwar Singa a kwali.

Na uku kwaɓin da aka daskarar. Masana'anta ce ke kwaɓawa, ta yanka, ta naɗe, wani lokaci ta gasa rabi, sannan ta daskarar da shi a ƙanƙara. Otal ko babban kanti ya saya ya ajiye a firiza, da safe a jefa a tanda minti goma sha biyar, ƙamshi ya cika wuri. Mai saye ya ɗauka a nan aka yi. Wannan kashin rayuwarsa gaba ɗaya a kan wutar lantarki take, daga masana'anta har kanti.

Wanda ya riƙe wannan rabe-raben zai gane dalilin da ya sa kamfani zai zama na ɗaya a duniya amma ko yanka ɗaya na burodinsa ba a taɓa gani a Fagge ba.

Su wane ne manyan

Kamfanin da ya fi kowa gasa burodi a duniya ba na Amurka ba ne, ba na Ingila ko Faransa ba. Grupo Bimbo ne, na ƙasar Meziko. Lorenzo Servitje da abokansa suka kafa shi a 1945 a babban birnin ƙasar da gidan burodi ɗaya. Yau yana da masana'antu sama da 200 a ƙasashe fiye da 30, cinikinsa na shekara ya haura dala biliyan 20. Ya shiga Amurka ya saye sunayen da Amurkawa suka tashi da su: sashen burodin Weston a 2009, na Sara Lee a 2011, sannan ya tsallaka Kanada ya sayi Canada Bread a 2014. Ba'amurke da yawa na cin burodin Bimbo kullum bai san na Meziko ba ne, domin tsohon sunan aka bar masa a leda. A Afirka ya shiga Maroko da Afirka ta Kudu a 2017, daga baya Tunisiya.

A ɓangaren biskit, Mondelez International ne a gaba. Hedikwatarsa na Shikago, an ɓalle shi daga Kraft a 2012, shi ke da Oreo, Ritz, TUC da Cadbury. Cinikinsa a 2023 ya kai dala biliyan 36, kodayake har da cakulan a ciki. A 2022 ya sayi Chipita na ƙasar Girka a kan kusan dala biliyan 2, wato masu 7Days. Alhazai sun san wannan suna: shi ne burodin jinjirin watan nan mai cakulan a ciki da ke cika shagunan Makka da Madina, wanda Faransawa ke kira kurwasan. A can Saudiyya kamfanin Almarai ne ke riƙe da gashinsa, tare da nasa burodin L'usine.

Sai pladis, wanda kamfanin Yıldız na Turkiyya ya haɗa a 2016 bayan ya sayi United Biscuits na Ingila a 2014. McVitie's da Ülker duk nasa ne. A Jafan akwai Yamazaki, wanda aka kafa a 1948, babba ne ƙwarai amma yawancin cinikinsa a gida yake. Amurka na da Flowers Foods, Italiya na da Barilla da Ferrero, Indiya na da Britannia da Parle.

Akwai kuma waɗanda ba a ganin sunansu a leda, manyan masu daskararren kwaɓi: Aryzta na Siwizalan, Europastry na Sifen, Vandemoortele na Beljiyam, Bridor na Faransa, da Lantmännen Unibake, wanda mallakar ƙungiyar manoman Suwidin ne. Su ke ba manyan gidajen abinci da otal-otal kaya. Na ƙarshen nan ya cancanci manomin Kura ya lura da shi, domin manoman da ke noma hatsin su ne masu injin niƙa, su ne kuma masu gidan gashi.

Yadda suka kai haka

Abu na farko inji ne. A 1928 aka fara sayar da yankakken burodi a jihar Misuri ta Amurka. A 1961 masu bincike a Chorleywood ta Ingila suka fito da hanyar kwaɓi da inji mai tsananin gudu, tare da ɗan mai da sinadarai, ta yadda kwaɓin da ke buƙatar sa'o'i kafin ya tashi yake nuna cikin mintuna. Daga buhun fulawa zuwa burodi a leda ya koma kamar awa uku da rabi. Wani abin lura shi ne, ɗaya daga cikin amfanin hanyar a lokacin shi ne ta ba Ingila damar amfani da alkamar gida, mai ƙarancin danƙo, maimakon dogaro kacokan da ta Kanada. Irin matsalar da alkamar Arewa ke fuskanta a wajen masu niƙa ke nan.

Abu na biyu saye. Da wuya babban kamfani ya je baƙuwar ƙasa ya fara daga tushe. Yakan nemi wanda mutane suka riga suka saba da shi ya saye, ya bar sunan, ya canja injuna da lissafi. Har yanzu ana yi: a 2023 J.M. Smucker ya sayi Hostess, masu kek ɗin Twinkies, a kan dala biliyan 5.6.

Na uku, kuma shi ne ainihin jarin, rabon kaya. Bimbo na da hanyoyin rabo fiye da 50,000. Kowace safiya mota ta tsaya a ƙaramin shago, a jera sabon kaya, a kwashe kwantai, a karɓi kuɗin jiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai shayi bayan asuba ya ga wannan tsarin da idonsa. Yaron gidan burodi ya zo a babur ko a-daidaita-sahu, kaya a ɗaure sun fi tsayinsa, ya sauke guda talatin, ya duba na jiya da bai shiga ba, ya buɗe ɗan littafinsa da ya sha maiƙo.

"Maigida, na jiya fa?"

"Ka dawo bayan azahar, yaro, kasuwa ba ta buɗe ba tukuna."

Ya rubuta, ya wuce. Bambancin Bimbo da wannan yaron yawa ne da kwamfuta. Bashin kwana ɗaya da amanar da ke tsakanin gidan burodi da mai shayi su ne katangar da baƙon kamfani zai sha wuya kafin ya haura, domin ba a sayen su da dala.

Ta ina suka shigo Nijeriya

Ta ƙofar biskit suka shigo, kuma ta hanyar saye. United Biscuits ya sayi hannun jari a A&P Foods, masu Haansbro, a 2014, shi ya sa yanzu McVitie's ɗin da ake gani a shaguna da yawa a Legas aka yi shi. Mondelez ke da mafi yawan hannun jarin Cadbury Nigeria, masu Bournvita da TomTom. Olam na Singafo ya sayi OK Foods a 2012. Gefensu akwai na gida masu ƙarfi: Nasco na Jos da duk ɗan Arewa ya tashi da biskit ɗinsa, Yale, Beloxxi, da UAC Foods mai Gala, wadda aka fara yi tun 1962 kuma har yau ita ce abincin matafiyi a tasha. Ita ma UAC Foods ta yi shekaru kusan rabin hannun jarinta na wajen Tiger Brands na Afirka ta Kudu, kafin su janye a 2021.

Wanda ya shiga Singa da hantsi zai ga yadda abin ke gudana. Tirela ta toshe layi, 'yan dako na jifar juna da kwalaye, dila na zaune da waya biyu da kalkuleta. Daga nan kaya ke watsuwa zuwa shagunan unguwa, ƙauyuka, Katsina, Jigawa, har Nijar da Chadi. A cikin kwalayen akwai na masana'antun Legas da Ogun da Ibadan, akwai 'yan waje daga Turkiyya da Indiya da ƙasashen Larabawa. Abin da ya fi tafiya shi ne ƙaramin ƙunshi, wanda uwa za ta saya wa ɗan makaranta da canjin cefane. Kamfanonin sun gane haka tuntuni: idan kaya suka yi tsada, sukan rage guda ɗaya ko biyu a cikin ledar kafin su taɓa farashi.

Burodi kuwa yana hannun gidajen burodi na gari, manya da ƙanana, daga masu injin kwaɓi da tandar gas zuwa masu murhun itace a bayan layi. Babu ɗaya daga cikin manyan duniya da ke gasa burodin da mai shayi ke yankawa a Kano.

Alkama da fulawa: a nan gizo ke saƙa

Idan ana neman wurin da kamfanoni kaɗan suka riƙe kasuwa, sai a koma baya da taki ɗaya, a dubi buhun fulawa. Nijeriya na shigo da alkama tsakanin tan miliyan 4 zuwa 6 a shekara, daga Amurka, Kanada, Rasha da wasu ƙasashen Turai. Abin da ake nomawa a gida ɗan kaɗan ne. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2021 ya nuna bai kai tan 40,000 ba, Kano ce kuma a kan gaba. Wasu ƙiyasin sun fi haka, amma ko da mafi girmansu aka ɗauka, fiye da kashi 90 cikin 100 daga waje yake zuwa.

Masu niƙa ta ba su da yawa. Flour Mills of Nigeria, masu Golden Penny, sun haɗiye Honeywell a 2022, su ne kuma ke da rinjaye a Northern Nigeria Flour Mills da ke Bompai. Olam, ta hannun Crown Flour Mill, ya sayi Dangote Flour Mills a 2019. Sai BUA da wasu ƙalilan. Daga hannun waɗannan fulawar burodi da ta biskit da ta taliya da ta gurasa duk take fitowa.

Daga nan lissafin a fili yake. A Fabrairun 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, ƙasashen da ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake cinikinta a duniya, farashi ya tashi. Da ya fara sauka, sai aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira a Yuni. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a 2024. Alkama da dala ake sayenta, a sauke ta a Apapa ko Fatakwal, a niƙa, a ɗora a tirela mai shan dizal zuwa Arewa. Buhun da ake saye ƙasa da naira dubu 15 a 2020 ya wuce dubu 50 a 2024. Sukari ma yawancinsa ɗanye ake shigo da shi a tace, yis da bota haka.

Mai gurasa a Jakara ba ta taɓa ganin dala ba, amma da dala take kwana. Cikin dare take kwaɓi, ta rufe ya tashi, kafin asuba an hura tanderu ya yi ja. Ta tsoma hannu a ruwa, ta ɗebi kwaɓi ta faɗaɗa, ta zura hannun cikin zafin nan ta manna a jikin tukunyar. Ribarta a kan kowane buhu 'yar kaɗan ce, masu sayenta kuma, mai tsire da mai bandashe da ɗan makaranta, ba sa jure ƙari. Idan buhu ya tashi, ko ta ƙanƙantar da gurasar ko ta kashe wuta. Kamfanin biskit mai jari yana iya sayen fulawar watanni ya ajiye, ya ci bashin banki, ya yi ciniki kai tsaye da masu niƙa. Ita kullum take saye, a hannu na uku ko na huɗu.

An sha gwada magani. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka ƙarfafa nomanta a Kadawa da sauran filayen da dam ɗin Tiga ke shayarwa, amma ta gida ba ta cike giɓin ba, aka ɗage haramcin a 1992. Zamanin Obasanjo da na Jonathan an matsa a riƙa haɗa garin rogo a fulawa, a 2012 kuma aka ƙara haraji na kashi 15 cikin 100 a kan alkamar waje. A Yulin 2024 aka sanar da ɗage harajin na kwana 150. Kowane mataki yana da wanda ya ji daɗi da wanda ya koka. Manomin Kura da Bunkure da Garun Malam na son a tsaurara, don alkamarsa ta yi daraja. Mai gidan burodi na son a sassauta. Masu niƙa na cewa ta gida ba ta isa ba kuma ingancinta ba ya zuwa bai ɗaya. Manoma na amsawa da cewa ba wanda zai faɗaɗa gona bai san wa zai saya ba, a kan nawa. Ƙasa ma na da nata hukuncin: alkama sanyi take so, hunturunmu kuwa gajere ne, wanda ya makara da shuka zafin Maris zai cinye masa amfani.

Zargin haɗa baki

Zargin ba tatsuniya ba ce a duniya. A 2007 hukumomin Afirka ta Kudu sun ci tarar Tiger Brands rand miliyan 98 da ɗoriya saboda haɗa baki a kan farashin burodi. A 2023 Canada Bread ya amsa irin wannan laifi, aka ci shi tarar dalar Kanada miliyan 50, kodayake laifin ya faru ne kafin Bimbo ya saye shi. A 2024 Tarayyar Turai ta ci tarar Mondelez yuro miliyan 337.5 saboda hana 'yan kasuwa ɗaukar kayansa daga ƙasar da suke da araha zuwa inda suke da tsada.

Abin da ya haɗa waɗannan shari'o'in shi ne kasuwa mai 'yan wasa kaɗan. Gidajen burodin Kano sun yi yawa da bambancin ƙarfi, ko ƙungiyarsu ta sanar da sabon farashi, wani a lungu zai karya don ya sayar. A matakin niƙa ne yawan ya ragu. Amma a yi adalci: kamfanoni huɗu da ke sayen alkama ɗaya da dala ɗaya za su ƙara kuɗi kusan lokaci ɗaya ko ba su taɓa gaisawa ba. Ma'aunin da ya fi nuna gaskiya shi ne abin da ke faruwa idan dala ko alkama ta sauka, wato cikin mako nawa sauƙin ke isa Singa, kuma kashi nawa ne ke isowa. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ita doka ta ba ikon neman takardun kamfanoni ta bincika wannan.

Abin da ke cikin ledar

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce, abin da ke yin wata shida bai lalace ba, lafiya kuwa? Sinadaran hana fumfuna da manyan kamfanoni ke sawa hukumomin abinci sun amince da su idan ba a wuce kima ba. Damuwar likitoci ta fi karkata ga abin da ba a ɓoye ba: yawan sukari, gishiri, mai, da farar fulawar da aka cire wa dusa. Yaron da karin kumallonsa ya koma biskit da lemon roba ya ƙoshi, amma bai ci abin da koko da ƙosai za su ba shi ba. Meziko, mahaifar Bimbo, na cikin ƙasashen da ƙiba da ciwon sukari suka fi addaba. A 2020 ta tilasta buga baƙin tambarin gargaɗi a gaban duk ledar da sukari ko mai ko gishirinta ya wuce ƙa'ida, ta kuma hana zanen 'yan tsana masu jan hankalin yara a kan irin waɗannan kaya.

A Nijeriya akwai dokoki uku da suka shafi wannan. Tun 2002 wajibi ne a ƙara sinadarin bitamin A a fulawa da sukari da man girki. Tun zamanin Dora Akunyili NAFDAC ta haramta buromet, hodar da ke kumbura burodi ya yi girma da laushi, wadda ake dangantawa da cutar daji da ta ƙoda. Sai ta baya-bayan nan, dokar mai da kitse da aka fitar a 2023, wadda ta taƙaita wani nau'in kitse da ke samuwa idan aka daskarar da man girki da sinadari don ya zama kamar bota. Wannan kitsen na toshe hanyoyin jini, dokar ta ce kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. A nan babban kamfani ya fi sauƙin kamawa, domin yana da suna da adireshi da lambar rajista, abin da zai yi asara kuma yana da yawa. Buromet ya fi samun mafaka a ƙananan wuraren da mai duba bai cika zuwa ba, da burodin da ke fitowa a farar leda ba suna.

Akwai kuma batun halal, wanda a Kano ba ƙarami ba ne. Wasu sinadaran laushi, kamar wanda ake rubutawa E471, ana iya samo su daga man tsirrai ko kitsen dabba, lambar kaɗai ba ta faɗa. Jelatin da ke cikin wasu kirim daga fata da ƙashin dabba ake yin sa. Wasu masana'antun Turai kuma na fesa ɗan sinadarin itanol a kek ko burodin leda don hana fumfuna, suna kuma rubutawa a jerin kayan haɗi. Malamai sun yi saɓani a kan ɗan abin da ya narke ya ɓace a cikin abinci, wasu sun sauƙaƙa, wasu sun ce a nisanta. Suna ɗaya na iya fitowa daga masana'antu biyu da haɗi daban, na Saudiyya ko Turkiyya da tambarin halal, na wata ƙasar babu. Ƙasar da aka yi kayan da jerin kayan haɗin sun fi sunan kamfanin ba da labari.

Masu maraba da masu fargaba

Masu son ganin manyan masana'antu sun shigo suna kafa hujja da tsafta, da nauyi da ɗanɗanon da ba sa canjawa, da arahar da yawan gashi ke kawowa, da haraji da albashi mai tsari. Suna nuna tsofaffin gine-ginen Sharaɗa da Challawa da Bompai da aka rufe, su ce duk mai zuba jari a wurin alheri ne, kuma Kano ƙofa ce ta kasuwar Sahel.

Masu fargaba suna lissafi ne da yawan bakin da buhu ɗaya ke ciyarwa. A ƙaramin gidan burodi akwai mai kwaɓi, mai yanka, mai tanda, masu ɗauri, mai rabo, mai kawo itace. Layin inji ɗaya na iya fitar da abin da gidaje da dama ke fitarwa, da ma'aikata kaɗan, ribar kuma ta tafi wajen masu hannun jari a wata nahiya. A ƙasashen da wannan ya faru, ƙananan gidaje da yawa sun rufe, waɗanda suka tsira su ne masu abin da inji ba ya yi. Dukkan ɓangarorin biyu na da gaskiya a abin da suka ambata, saɓaninsu a kan wanda ya kamata a fifita ne.

Abin da za a iya gani nan gaba

Ga mai sayen burodi, farashi zai ci gaba da bin dala da alkama da dizal, ko wane ne ke saye wane a Shikago. Ga mai gidan burodi, wanda zai fi matsa masa a kusa shi ne babban gidan burodi na cikin gari mai injuna da motoci, da manyan kantunan da ke gasa nasu. Daskararren kwaɓi zai tsaya a otal-otal da kantunan unguwar Nasarawa har sai wutar lantarki ta daidaita, domin firizar da ke kan janareta na cinye ribar.

Inda za a fi jin canji shi ne kayan ƙwalama. Kek da donat na leda suna fafatawa kai tsaye da matan da ke soya fanke da cincin da yin kek a gida suna aikawa shaguna da ƙofar makarantu. Mai shago ya fi son abin da zai yi wata biyu a kanta ba kwantai. Yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka, wadda aka buɗe a Janairun 2021, idan ta kankama za ta sauƙaƙa wa masana'antar da ke Maroko ko Masar ko Afirka ta Kudu turo irin waɗannan kaya, ta kuma sauƙaƙa wa na Nijeriya fita.

Alkaki da dubulan da nakiya na gara, da funkaso da alkubus na ranar Juma'a da salla, suna da kariyar da kek ba shi da ita, domin al'ada ce ke sayen su, kuma uwar amarya ta san hannun da take so ya yi mata. Gurasa ma da zafinta ake nema. Sai dai alkakin gaske da tsakin alkamar gida ake yi, irin wadda ake aunowa a Dawanau ko Rimi, gurasa da dubulan kuwa sun koma kan buhun kamfani tuntuni.